Amsa: Ta yaya ɗan tayin ɓera ke sanin ina kai, ina wutsiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda duk sel-sel na ɗan tayin ɓera DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) ɗaya suke ɗauke da shi, me ke sa wani ya zama kai, wani ƙashin baya?

Bambancin yana cikin waɗanne ƙwayoyin gado ne suka kunnu, a ina, kuma yaushe. Cikin ɓera kusan kwana 20 ne kacal, don haka komai na tafiya da sauri. Fara da ƙwayoyin gadon Hox, masu tsara abin da kowane sashen jiki zai zama: ɓera na da 39, a rukuni huɗu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jerinsu a kan kromosom (dogon zaren DNA) yake bin jerin jiki, daga wuya zuwa wutsiya. Da masu bincike Wellik da Capecchi suka kashe dukkan ƙwayoyin Hox masu lamba 10 (Hox10) a ɓeraye a 2003, sai haƙarƙari ya fito a ƙashin baya na wajen ƙugu, inda bai kamata ya fito ba.

Kada ka ɗauka ƙwaya ɗaya ce ke gina gaɓa ɗaya. Sau da yawa idan an kashe guda, 'yan'uwanta su rufe gurbin, ba a ga wani babban sauyi ba.

In gwaji za ka yi da ɓeraye, sai da jagorancin malaminka da izinin kwamitin kula da dabbobin bincike.