Kun Tambaya: Yaya Mutanen Cheroki Suke Rayuwa a Da?

Tambaya: Malam, ina ne asalin ƙasar Cheroki ta Amurka, kuma yaya zamansu yake kafin zuwan Turawa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, Cheroki ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka, ƙasarsu tana kudancin tsaunukan Apalashiya, inda jihohin Karolina ta Arewa, Tenesi da Jojiya suke a yau. Garuruwansu a bakin koguna suke, gidajensu na itace ne da aka yaɓe da laka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matsayin mace. Gida nata ne, gona ma tata. Ita ke shuka masara, wake da kabewa a wuri guda: wake ya nannaɗe karan masara, faffaɗan ganyen kabewa ya rufe ƙasa, danshi ya daɗe. Miji kuwa farautar barewa yake yi, kuma shi ke tarewa a gidan matarsa. Zuriyoyinsu bakwai ne, yaro na bin ta uwarsa, shi ya sa kawu ke da babbar murya wajen tarbiyyarsa.

A 1838 sojojin Amurka suka tasa ƙeyarsu zuwa jihar Oklahoma ta yau, dubbai suka mutu a hanya. Raina na ɓaci duk sanda na tuna.