Amsa ga Malama: hankali yana tarwatsewa a ɗakin adana takardu

Malama, kin ce kina buɗe fayil ɗaya da safe, La'asar ta yi ba ki rubuta bayanin ko guda goma ba. Na san wannan ciwon sosai, shekaru na yi ina fama da shi.

Tarkon aikinmu shi ne karatu. Kin ɗauko fayil ɗin Di'o na zamanin Turawa don ki rubuta lamba, kwanan wata da abin da ya ƙunsa, sai ki ci karo da wasiƙar wani sarki da ajami, shi ke nan awa biyu sun tafi. Abin da ya cece ni littafi ne ƙarami a gefe. Duk abin da ya ja hankalina, in rubuta lambar fayil ɗin a ciki, in ci gaba. Ranar Juma'a da safe nake komawa in karanta su son raina.

Akwati ɗaya kawai a kan tebur, sauran a ƙasa inda ido ba ya kai musu. Waya kuma cikin jaka. Ina bin tsarin Pomodoro: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, amma da agogon tebur, don na waya yana jan mutum zuwa WhatsApp. Aikin da ke buƙatar nutsuwa kafin Azahar, jera kwali da goge ƙura bayanta, lokacin da zafi ya kashe jiki.

In kuma tun kina ƙarama haka kike, ki daure ki ga likitan ƙwaƙwalwa. ADHD, wato matsalar rashin iya tattara hankali wuri ɗaya, ba ta yara kaɗai ba ce, kuma ana samun magani. Allah ya sauƙaƙe.