Shin Mai Kiwon Mage Ya Raɗa Wa 'Ya'yanta Suna Kafin Masu Saye Su Ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ina kiwon magunan nan masu dogon gashi 'yan asalin Farisa. Makon jiya kyanwata ta haifi biyar, huɗu farare sol, ɗaya ruwan toka, har an kama uku tun ba su buɗe ido ba. Yarana sun matsa sai an raɗa musu suna, ni kuma ina ganin ba hurumina ba ne tunda ba a gidana za su zauna ba. Wata ƙawata ma ta ce idan na sa musu suna masu saye suka canza, rikicewa za su yi. Mene ne daidai? — Wata mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Ki biye wa yaran, ki raɗa musu suna, kuma kada ki bari ya wuce yau.

Dalilina na farko na lafiya ne. Ɗan mage yana zuwa duniya da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma ana so ya riƙa ƙara giram 10 zuwa 15 kullum. Wanda nauyinsa ya tsaya cak kwana biyu a jere yana cikin hatsari ko da ido bai nuna ba, domin a wannan ƙuruciyar sikeli yana riga ido ganin ciwo. To ke ga farare huɗu kwance kan juna a gindin uwa. Wanne kika auna jiya, wanne ne bai ƙaru ba? Na taɓa karɓar wani bawan Allah da ya shigo mini da kwali, 'ya'yan mage baƙaƙe huɗu a ciki, ɗaya yana ta dalalar da miyau. Ya ba su maganin tsutsar ciki da daddare, aka ɗauke wuta yana tsaka da bayarwa. Da muka bi diddigi, ɗaya ya sha sau biyu, wani bai sha ba sam. Ya tsaya yana nuna su da yatsa yana cewa "wannan ne, a'a wancan ne", abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Ki sa almakashi ki ɗan rage gashi a wuri dabam-dabam, wannan a kafaɗar dama, wancan a gindin wutsiya, sannan ki buɗe littafi, kowane suna da shafinsa. Kada ki ɗaura musu zare a wuya, yana iya shaƙe su.

Akwai kuma abin da ya shafi naki musamman. Farar mage sol ta fi sauran yawan zuwa duniya kurma, musamman mai shuɗin ido. Duk ɗan mage da shuɗin ido yake farawa, sai wajen mako shida zuwa bakwai launinsa na gaskiya ke fara bayyana, don haka ido ba zai gaya miki komai da wuri ba. Amma mai kiran kowanne shi kaɗai, daga bayansa, za ta lura da wanda kunnensa ba ya ko motsi. Wannan haƙƙin mai saye ne ya sani kafin ya biya, domin kurmar mage ba a barinta ta fita titi.

Daga mako biyu zuwa bakwai ne ɗan mage ke sabawa da mutum. Wanda aka ɗauka, aka shafa, aka yi wa magana a wannan tsakanin, shi ke tashi da sakin jiki. Na sha lura cewa a gidan da ake kiransu "'yan magen nan" a dunƙule, mai rawar kai ne ke shan ɗauka, mai kunya ya lafe a lungu ba wanda ya tuna da shi. Idan yana da suna, wani yaro zai ce, "Ina Auta? Yau ban gan ta ba."

Maganar ƙawarki kuwa tana da ɗan tushe, domin mage tana gane sunanta. A 2019 Atsuko Saito ta Jami'ar Sophia da ke Tokyo, ita da abokan aikinta, sun gwada wannan. Sukan kunna wa mage murya tana faɗin kalmomi huɗu masu tsawo irin na sunanta, har ta gaji ta daina kulawa, sai a faɗi sunan. Nan take da yawansu kan juya kunne ko kai, ko da muryar baƙo ce. Amma magunan da ke zaune a shagon shayi inda baƙi ke zuwa wasa da su ba su bambance sunansu da na abokan zamansu ba, mai yiwuwa domin a can ko sunan wa aka kira, wadda ta matso ita ke samun shafa. Abin da na fahimta daga nan shi ne, suna a wurin mage sauti ne da ta haɗa da abinci da kulawa, kamar yadda magen gida ke rugowa da ta ji "mus-mus". Abin da aka koya da lada, ana sake koyar da wani da lada. Mai saye ya haɗa tsohon suna da sabo na 'yan kwanaki, duk kira ya biyo da ɗan nama ko shafa, sannan ya saki tsohon. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kira sunan don tsawa.

A ƙasashen da kiwon mage mai asali ya kafu, ba a ma jayayya a kan wannan, domin mage suna biyu gare ta, tamkar sunan yanka da laƙabi a wurinmu. Ƙungiyoyin rajista irin su GCCF ta Ingila, wadda aka kafa a 1910, da CFA ta Amurka ta 1906, suna rubuta ɗan mage da sunan gidan kiwon da ya fito a gaba, sannan nasa ya biyo. Wannan ke bin sa a takardar asali da wurin gasa, mai gida kuwa ya kira shi abin da ya ga dama. A Faransa har al'ada gare su ta harafin shekara: haihuwar 2024 sunayensu sun fara da V, na 2025 da A, da jin suna an san shekaru. GCCF kuma tana son kada ɗan mage ya bar uwarsa sai ya kai mako 13, ya kammala rigakafi. Ina roƙonki ki yi koyi da wannan ko masu saye sun matsa. Wata uku ke nan suna hannunki, ga allurar farko a mako takwas zuwa tara, ga ta biyu wajen mako 12, kowacce sai an rubuta a kati. Da wane suna likita zai cike katin?

Zaɓi gajere, mai gaɓa biyu ko uku, kuma kada su yi kama da juna a kunne: Madara, Zuma, Auta, Gyaɗa, Toka. Ki guji sunayen Annabawa da Sahabbai da duk sunan da muke girmamawa, ki kuma guji sunan maƙwabci ko ɗan'uwa, kada wasan yara ya jawo gaba tsakanin manya. Ukun da aka riga aka kama, ki kira masu su ki tambaya ko sun tanadi suna. In sun tanada, shi za ki fara kira tun yanzu, kin hutar da kowa.

Na san abin da ke ranki wanda ba ki faɗa ba, ranar rabuwa. Gaskiya ne, abin da aka raɗa wa suna ya fi wuyar miƙawa, kuma yaran za su yi kuka. Ki gaya musu tun yau cewa riƙo aka ba su, waɗannan baƙi ne masu tafiya. Ranar ɗauka, ki bar yaron da ya raɗa sunan ya miƙa katin rigakafin da hannunsa, tare da ɗan tsumman da suke kwana a kai mai ƙanshin uwarsu, ya kuma faɗa wa sabon mai ita sunan da take amsawa da abincin da ta saba ci.