Hukuncin Mai Riƙe Gasar Kartar Foka a Matsayin Sana'a

Tambaya: Malam, ƙanena yana zaune a Amurka, ba shi da aikin da ya wuce gasar kartar foka. Ya ce ba caca ba ce, lissafi ne da karantar fuskokin abokan wasa, kuma gwamnati ta yarda, har haraji yake biya. Yana aiko wa mahaifiyarmu kuɗi. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Bismillah. Mu fara duba yadda gasar take. Babbarsu, World Series of Poker, tun 1970 ake yin ta a Las Vegas, kuma kujera ɗaya a babban zagayenta dala 10,000 ce. Kuɗin da kowa ya zuba ake tarawa, masu gida su cire nasu, sauran a raba wa 'yan tsirarun da suka kai ƙarshe. Mafi yawa su koma hannu rabbana. A 2003 wani ɗan wasa mai suna Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 a wannan gasa, amma daga aljihun waɗanda suka faɗi ta fito.

Wannan shi ne maisir, wato cacar da Allah Ya haɗa da giya a Ma'ida aya ta 90, Ya kira shi ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Ban musa wa ƙanenka cewa akwai gwaninta ba. Ƙwararre yakan fi ɗan koyo ci. Amma ba rashin gwaninta ya haramta caca ba. Abin da ya haramta ta shi ne kowa ya sa dukiyarsa, sannan ko ya ci ta wani ko a ci tasa. Annabi (SAW) ya keɓe gasar kuɗi ga kibiya da raƙumi da doki kaɗai. Kuma a Bukhari da Muslim ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Gayyata kawai ke nan, ina ga wanda ya mayar da ita abincinsa?

Yardar gwamnati kuwa, ai giya ma da lasisi ake sayar da ita a can.

Batun mahaifiya shi ne mai nauyi. Larabawan jahiliyya da suke caca a kan raƙumi, matalauta suke raba wa naman, duk da haka aka hana. Idan foka ce kaɗai hanyar samunsa, kada ta ci kuɗin, sai in lalura ta tilasta kuma babu mai ɗauke mata. Ku 'yan'uwansa ku ɗauki nauyinta. Shi kuma ya tuba, ya rabu da abin da ya tara ta hanyar ba mabuƙata, ba da niyyar lada ba, tunda ba zai iya gano masu shi ba. Haka wanda yake zuba masa kuɗin shiga don a raba riba, zunubinsu ɗaya. Wallahu a'alam.