Tambayi Likita: Wankin gilashin bene a ranar iska

Tambayoyin wannan makon duk a kan sana'a guda suka taru, wato wankin gilashin tagogin benaye. 'Yan'uwanmu da dama a Legas, daga Agege, Obalende da Idi-Araba, sun rungumi wannan aiki, suna sammako zuwa Victoria Island, Ikoyi da Lekki, inda gine-gine suka koma gilashi tun daga ƙasa har sama. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Likita, barka da ƙoƙari. Da igiya nake aiki, wani lokaci a hawa na goma sha biyu. Idan iska ta taso sai ta yi ta lilo da ni har kafaɗata ta bugi bango, jiri ya kama ni. Oga ya ce in dai ba ruwa ake yi ba, aiki ba ya tsayawa. Akwai maganin jirin da zan sha kafin in hau? Daga wani matashi a Obalende.

Amsa: Ɗan'uwa, maganin akwai shi, amma ba zan rubuta maka ba. Galibin magungunan jiri suna saukar da kasala da gyangyaɗi, haka ma Piriton da mutane ke sha don mura. Mai rataye a hawa na goma sha biyu kuwa ba shi da damar yin gyangyaɗi ko na ƙiftawar ido.

Wannan jirin naka ba cuta ba ce. A can cikin kunne akwai wani sashe da ke auna daidaiton jiki. Idan igiya tana kai ka tana kawo ka, ga kuma gilashi a gabanka yana nuna gajimare na gudu, sai abin da kunne ke ji ya saɓa da abin da ido ke gani. Daga nan ne jiri da tashin zuciya ke zuwa. Jikinka ne ke gaya maka iskar ta wuce misali.

Inda ogan naka ya yi kuskure shi ne, daga ƙasa yake auna iska. Wadda ke kaɗawa a sama ta fi ta ƙasa ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ta ratsa tsakanin dogayen gine-gine biyu sai ta matse ta ƙara gudu, a kusurwar gini kuma fizga take yi ba sanarwa. Ga shi benayen Island a bakin teku suke, iskar teku kuwa tun daga hantsi take soma ƙarfi har zuwa la'asar. Don haka ɓangaren da ke fuskantar teku a fara da shi da sassafe.

Ga ma'auni. Yawancin injinan ɗaga ma'aikata sama, masu ƙera su sun kayyade a daina amfani da su idan gudun iska ya kai mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa. Wannan inji ke nan mai ƙafafu a ƙasa. Kai da ke kan igiya ya kamata ka sauko tun kafin a kai nan. Akwai 'yar na'urar auna iska da ba ta fi wayar hannu girma ba, kuma kamfanin da ke karɓar kwangilar bene ba zai ce ta fi ƙarfinsa ba. In babu ita, duba itatuwa: ƙanana suna rangaji gaba ɗaya, ka fara shirin sauka, manyan rassa suna kaɗawa, wayoyin lantarki suna fito, riƙe lema ya gagara, to aikin ranar ya ƙare. A farkon damina, wajen Maris da Afrilu, ka riƙa waiwayen gabas. Hadarin gabas iska yake turowa gaba kafin ɗigon farko. Da ka ji tsawa ka sauka, kada ka koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Igiya biyu ake aiki da su, kowace da nata maɗauri daban, da hular kwano mai maɗaurin haɓa. Sannan abin da ba a cika faɗa muku ba: wanda ya suma yana rataye a ɗamarar da ke haɗa shi da igiya, jini yana taruwa a ƙafafunsa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, cikin mintuna rai zai iya salwanta. Tambayi oganka tun yau, in hakan ta faru wa zai sauko da kai, kuma da me? In ya yi shiru, ka san matsayinka a wurinsa.

Idan kuwa jirin yana bin ka har ƙasa, ka zo a auna hawan jini, sukari da yawan jininka.

Tambaya: Iska ta watso mini ruwan wankin gilashi a ido. Na murza, na sa tozali, amma kwana biyu ke nan idon ja wur, ba na son haske. Daga wani mai karatu a Mile 12.

Amsa: Malam, yau ɗin nan ka je asibitin da ke da likitan ido, kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, kuma ka tafi da robar sinadarin. Ƙin haske bayan kwana biyu yana nuna mai yiwuwa fatar baƙin idon ta sami rauni. Da yawa daga ruwan wankin gilashi akwai amoniya a ciki, irin wannan kuwa yana ci gaba da cin ido ko bayan raɗaɗin ya lafa.

Abin da ya kamata a yi tun a take shi ne ruwa. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, ko da fiya wata ce a yi ta fasawa. Ban da murzawa, ban da tozali, ban da nono ko ruwan albasa. Kada kuma ka sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, domin wasu akwai sinadarin siteroyid a ciki, wanda kan ƙara lalata idon da ke da gyambo. Nan gaba ka sa tabarau mai rufe gefe, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ka jiƙa soso a bokiti maimakon feshi.

Tambaya: Likita, maigidana ne iska ta ture masa tsani yana wanke taga a hawa na biyu. Ya miƙe da kansa, amma tun jiya yake kukan ciwon baya da kai, ya yi amai sau biyu. 'Yan'uwansa sun ce a kai shi wurin mai ɗori. Daga wata baiwar Allah a Agege.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kada a kai shi wurin mai ɗori, kada a bari kowa ya matsa masa baya ko ya ja wuyansa. Miƙewar da ya yi ba shaida ba ce. Mutum yakan tashi da tsagewar ƙashin baya, sai an murɗa shi lakar ta taɓu, ƙafafu su mutu. Amai sau biyu da ciwon kai bayan faɗuwa kuma alama ce da ba a wasa da ita, domin jini kan taru a cikin ƙoƙon kai a hankali. Ki kira 112 ko 767 a turo motar asibiti. In dole ku ne za ku kai shi, a kwance a kan abu mai tauri, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Ban da babur, ban da keke. Ku fara da sashen gaggawa na babban asibiti inda za a yi hoton kai. In maganar ƙashi ce, akwai asibitin ƙashi na Igbobi. Yawan barci, ruɗewa, farfaɗiya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, mutuwar ƙafa, ko riƙewar fitsari, kowanne daga ciki yana nufin kada a jira wayewar gari.

Ki adana duk takardun asibiti. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni a bakin aiki ta hannun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma wajibin wanda ya ɗauke shi aiki ne ya kai rahoto. Ga masu hawa tsani kuwa: duk mita huɗu na tsayi, gindin ya nisanci bango da mita ɗaya, a ɗaure shi ko wani ya riƙe, kuma silifas ba takalmin hawa ba ne.

Tambaya: Abokan aikina suna shan tiramol kafin su hau, wai yana cire tsoro da gajiya. Da gaske ne? Daga wani ɗan'uwa a Alaba Rago.

Amsa: Yana cire tsoro, shi ya sa ma nake tsoronsa. Tsoron nan shi ke sa ka sake duba ƙullin igiya. Ƙwayar tana rage saurin tunani, tana kawo jiri, idan aka sha da yawa kuma tana tayar da farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Kada ka sha, kada kuma ka yarda wanda ya sha ya ɗaura maka igiya.

Tambaya: Da hunturu ƙura tana yawa a gilashi, sai nake haɗa Hypo da ruwan wankin gilashi don ya fi fita. Amma ƙirjina yana riƙewa, ina tari, hannayena duk sun tsattsage. Daga wani magidanci a Idi-Araba.

Amsa: Malam, daina wannan haɗin daga yau. Hypo ko Jik idan suka gamu da amoniya, wata iska mai guba suke fitarwa da ke ƙona maƙogwaro da huhu. Haka in aka haɗa su da ruwan wankin masai mai asid. Ƙurar hunturu ba ta buƙatar wannan, ruwa da 'yar sabulun wanke-wanke sun ishe ta. A fara zuba ruwa a kore ƙurar tukuna, kada a goge ta a bushe, don tana karce gilashi kuma ta tashi ta shiga hanci. Ka sa takunkumi a ranakun hazo.

In ka daina haɗin amma ƙirjin bai saki ba, ko kana jin numfashinka yana fito da dare, a duba ka ko asma ce. Tana da maganin shaƙa mai kyau, kuma ba ya hana aiki. Hannu kuwa, safar roba lokacin aiki, in ka tashi ka ɗauraye da ruwa zalla, ka shafa basilin ko man kaɗanya tun hannun da ɗan danshi. Idan tsagar ta fara ruwa ko mugunya, ko gilashi ya yanke ka alhali ka haura shekara goma rabonka da allurar tetanus, ka leƙa asibiti mafi kusa.