Amsa: Ta yaya ake gane asalin dutsen kabonatait?

Ka ce dutsen naka yana tafasa in an ɗiga masa asid kamar dutsen farar ƙasa, to ta yaya za a san kabonatait ne, wato narkakken dutsen da ya taso daga can cikin ƙasa? Asid ba zai raba maka gardama ba, sai an auna sinadaran da ke cikin ƙwayoyinsa. Kalsait ɗin kabonatait, wato ma'adinin da ke tafasa da asid ɗin, cike yake da sinadaran sitironshiyam da bariyam fiye da na farar ƙasa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa za ka tarar da ma'adinan afatait da fairokulo, mai ɗauke da ƙarfen nayobiyam, a gefensa. Awon nau'o'in kabon da iskar oksijin kuwa shi ke nuna daga zurfin ƙasa ya fito.

Amma da sharaɗi: samfurin ya zama sabon fashi daga tsakiyar dutsen. Na taɓa kai ɓawon waje ɗakin gwaji, ruwan sama ya riga ya gurɓata shi, kuɗin awo suka tafi a banza. Dubi Ol Doinyo Lengai na Tanzaniya ma, dutse mai aman wuta da ke fitar da kabonatait: amansa baƙi ƙirin yake fitowa, amma da ya sha danshi, cikin 'yan kwanaki sai ya koma fari fat, sinadaransa na asali sun sauya.