Ina Cikin Hukumar Gudanarwar Ƙungiyar Gidajenmu a Ingila, Kuma Lissafin Kuɗinta Bai Kwanta Mini Ba

Assalamu alaikum, Barista. Shekara 11 ke nan ina zaune a Ingila a gidan haya na wata ƙungiya mai bayar da gidaje a kan rangwame, wadda take da gidaje wajen 2,000. Shekara biyu da suka wuce aka zaɓe ni cikin hukumar gudanarwarta daga ɓangaren masu haya, kuma ba a biyana albashi. A zamanmu na ƙarshe daraktan kuɗi ya ce mai yiwuwa bana mu kasa cika wani sharaɗin bashin banki, amma shugaban hukumar ya ce kada maganar ta fita tukuna. Na kuma gano cewa kamfanin da aka ba kwangilar gyaran gidaje na ƙanin shugaban ne, alhali gidaje da yawa, har da nawa, danshi da fumfuna sun cinye bangonsu. Wata mai zuwa za a kawo mana lissafin shekara mu amince da shi. Idan ƙungiyar ta durƙushe, za a bi ni bashi? Zan rasa gidana? Ko murabus ya kamata in yi?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da gyara wata fahimta da masu haya da yawa suke shiga hukuma da ita, domin sauran amsar a kanta ta dogara. Ko da masu haya ne suka zaɓe ki, a idon doka ke cikakkiyar mamba ce ta hukumar gudanarwa, nauyin da yake kan shugaba da kan akawun da yake zaune kusa da ke shi ne a kanki, kuma amanar da kika ɗauka ta ƙungiyar ce da manufarta. Idan an yi wa ƙungiyar rajista a matsayin kamfani, sassa na 171 zuwa 177 na Dokar Kamfanoni ta 2006 ne suka jera wannan nauyi: yin aiki da kulawa da ƙwarewa, yanke hukunci da ra'ayin kai ba da na wani ba, da guje wa haɗa amfanin kai da na ƙungiya. Idan kuwa rajistarta ta ƙungiyar amfanin al'umma ce a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama-kai da na amfanin al'umma ta 2014, kamar yadda yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suke, kotuna suna ɗora kusan nauyi iri ɗaya. Rashin albashi ba ya sauke shi, haka nan cewa «ban iya lissafi ba» ba ta zama kariya ga wanda aka ajiye wa takarda a gaba ya ɗaga hannu bai yi tambaya ba.

Duk da haka, hankalinki ya kwanta a kan batun bashi. Ƙungiyar ce ta ci bashin, ba ke ba, kuma doka ta raba dukiyarta da taki, don haka banki ba zai zo ƙofarki ba don kawai ƙungiya ta kasa biya. Inda ake taɓa aljihun mamba shi ne idan ya ci amana, ko ya amfana da dukiyar ƙungiya ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma abin da sashe na 214 na Dokar Karyewar Jari ta 1986 ya tanada, wato ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa babu hanyar tsira daga rushewa, amma bai ɗauki duk matakin da zai rage asarar masu bin bashi ba. Ki lura da kalmar «ya kamata a ce ya sani». Tun ranar da daraktan kuɗi ya buɗe baki a gabanki, kin shiga sahun waɗanda suka sani, saboda haka abin da kika yi daga ranar nan shi za a duba.

Yana da kyau ki fahimci abin da daraktan yake nufi, domin ba ƙaramar magana ya yi ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna gina gidaje da bashi mai tsawon shekaru, suna jinginar da gidajen da suke da su, kuma bankuna suna sanya sharaɗi cewa rarar da ta rage bayan an cire kuɗin gudanarwa dole ta kai wani mizani idan aka gwada ta da kuɗin ruwan da ake biya a shekara. A wasu yarjejeniyoyin har kuɗin manyan gyare-gyare ake cirewa kafin a yi awon, wanda yake nufin duk rufin da aka canza yana matso da ƙungiya kusa da karya sharaɗi. A nan ne jarabar take: hanya mafi sauƙi ta gyara lissafi ita ce jinkirta gyaran gidaje, kuma ina zargin fumfunar bangonki da matsalar bankin nan tushensu ɗaya. Idan aka karya sharaɗin, banki yana da damar neman kuɗinsa gaba ɗaya ko ya ƙara kuɗin ruwa, kuma yawancin yarjejeniyoyi suna ɗauke da sakin layin da yake cewa karya sharaɗin banki ɗaya karya na sauran ne. Bashin shekara talatin sai ya koma bashin da ake iya nema gobe, mai binciken lissafi kuma ya fara tambayar ko ƙungiyar za ta kai baɗi.

Ba dole ba ne wannan matsi ya zama laifin shugabanninku, kuma adalci ne a faɗi haka. Daga Afrilun 2016 gwamnati ta tilasta rage kuɗin haya da kashi 1 cikin 100 kowace shekara har shekara huɗu. A Afrilun 2023 ta ƙayyade ƙarin haya a kashi 7 cikin 100, a lokacin da tsarin da aka saba zai ba da kashi 11.1. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023, sannan tun bayan gobarar benen Grenfell a Landan ta ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, ƙungiyoyi suke kashe maƙudan kuɗi wajen kare gine-gine daga gobara. Shiga matsi ba abin kunya ba ne. Abin da ya saɓa wa ƙa'ida shi ne ɓoye shi.

Umarnin shugaban na a yi shiru ya ci karo da ƙa'ida kai tsaye. Hukumar da take sa ido kan masu bayar da gidajen rangwame a Ingila, wato Regulator of Social Housing, tana da ma'aunin gudanarwa da ingancin kuɗi wanda ya wajabta wa kowace ƙungiya ta sanar da ita a kan lokaci idan an saɓa wa ƙa'ida, ko ma idan akwai yiwuwar saɓawa. Ma'aunin ya kuma wajabta a riƙa gwada tsarin kuɗi da munanan yanayi, a ajiye cikakken kundin kadarori da basussuka, sannan hukumar gudanarwa ta shaida a cikin lissafin shekara cewa ta cika ma'aunin. Wannan shaidar ce za a nemi ki amince da ita wata mai zuwa. Tun da gidajenku sun haura 1,000, mai sa ido, wato wannan hukuma, yana ba ku maki a fili, inda 1 ya fi kyau 4 kuma ya fi muni, daga G1 zuwa G4 a kan gudanarwa, daga V1 zuwa V4 a kan kuɗi, kuma tun Afrilun 2024 an ƙara C1 zuwa C4 a kan yadda ake kula da masu haya. Tsoron faɗuwar maki ne yake sa shugabanni yin shiru, amma a ganina lissafin kuskure ne, domin banki ya fi saurin ɗaga ƙafa ga wanda ya je ya nemi sassauci kafin shekarar kuɗi ta rufe, kuma mai sa ido ya fi tsananta wa wanda shi mai sa idon ne ya gano matsalarsa a kan wanda ya kai kansa. Ƙungiyar Ujima ta Landan ta durƙushe a 2007 har aka miƙa gidajenta ga wata ƙungiyar gidaje mai suna L&Q, ƙungiyar Cosmopolitan kuma ta kai bakin gaɓa saboda yarjejeniyoyin gidajen ɗalibai kafin ƙungiyar gidaje ta Sanctuary ta karɓe ta a 2013, kuma a duka biyun an ɗora babban laifi a kan raunin sa idon hukumar gudanarwa.

Batun kwangila ya fi sauƙin warwarewa. Ba haramun ba ne kamfanin ɗan'uwan mamba ya yi wa ƙungiya aiki, matuƙar kundin tsarinta bai hana ba, amma sai mamban ya bayyana alaƙar, an rubuta ta a rajistar bayyana alaƙa, ya fita daga ɗaki lokacin yanke shawara, kuma an bi tsarin gasar kwangila. Ki nemi sakataren ƙungiya ya nuna miki rajistar da rahoton zaman da aka bayar da aikin. Haƙƙinki ne a matsayinki na mamba. Kada ki kira abin sata ko cin hanci kafin ki ga takardu, a baki ko a rubuce, domin ɓata suna ƙara ce mai tsada a ƙasar nan.

Game da murabus, shawarata ita ce kada ki yi shi yanzu. Murabus ba ya goge abin da ya faru kina kan kujera, yana dai raba ki da takardu da kuma damar yin magana. Abin da zai kare ki shi ne rubutu. A cikin makon nan ki aika wasiƙa ga shugaba da sakatare da shugaban kwamitin binciken kuɗi, ki faɗi abin da kika ji da ranar da kika ji shi, ki nemi a kawo wa hukuma alƙaluman sharaɗin bashin a rubuce tare da hasashen ƙarshen shekara, ki nemi a sanya batun sanar da banki da mai sa ido a jadawalin zama, kuma ki nemi a ba ku damar ganawa da masu binciken lissafi na waje ba tare da ma'aikatan zartarwa ba. Idan ranar amincewa ta zo ba a gamsar da ke ba, ki ƙi amincewa, ki tabbatar an rubuta ƙin da dalilinsa a rahoton zama, kuma ki karanta rahoton kafin a tabbatar da shi. Ki kuma tambayi ko ƙungiya tana da inshorar kare mambobin hukuma, da abin da inshorar ba ta rufe ba. Idan bayan duk wannan aka ci gaba da rufe maganar, kina iya kai ta ga mai sa ido da kanki, wanda yake da ikon buɗe bincike, da naɗa sababbin mambobi, da naɗa manaja, kuma tun dokar sa ido kan gidajen rangwame ta 2023 tarar da yake iya ci ba ta da iyaka. Sai dai ki sani cewa dokar kare masu tona asiri ta 1998 don ma'aikata aka tsara ta, don haka mamba marar albashi kada ta ɗauka kai tsaye ta rufe ta. Kada kuma ki saki takardun hukuma a Facebook ko a zauren WhatsApp na masu haya, ko da ranki ya ɓaci, domin wannan kaɗai ya isa a cire ki, kuma ya mayar da hankali daga laifinsu zuwa naki. Murabus yana zuwa ne a ƙarshe, da wasiƙa mai bayyana dalili.

Gidanki kuwa ya fi tsaro fiye da yadda kike tsoro. Yawancin masu haya a irin waɗannan ƙungiyoyi suna da haya mai kariya a ƙarƙashin Dokar Gidaje ta 1988, kuma canjin mai gida ba ya kashe irin wannan haya. Sabon mai gida yana gadar yarjejeniyarki ne, ba zai fitar da ke ba sai da dalilin da doka ta yarda da shi da umarnin kotu. Abin da aka saba yi shi ne haɗe ƙungiya mai rauni da wata mai ƙarfi. Akwai kuma tsari na musamman a Dokar Gidaje da Tsare-tsare ta 2016 da kotu take naɗa mai riƙon ƙungiyar da ta karye, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne gidajen su ci gaba da zama na rangwame, ko da yake gaskiya ita ce idan wannan manufa ta ci karo da haƙƙin masu bin bashi, nasu ne a gaba. Ki ci gaba da biyan haya a kan lokaci, domin riƙe haya saboda fushi shi ne abin da zai iya jefa gidanki cikin haɗari.

Fumfunar da take gidanki magana ce daban, kuma ina roƙonki kada ki jinkirta ta don kunyar kujerarki. A Disambar 2020 yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale sakamakon daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan haya irin naku, kuma dokar da aka sanya wa sunansa ta fara aiki ranar 27 ga Oktoban 2025. A ƙarƙashinta dole mai gida ya binciki danshi ko fumfuna mai haɗari cikin kwanakin aiki 10, ya ba ki sakamakon a rubuce cikin kwanakin aiki 3 bayan kammala binciken, ya kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5, idan kuma na gaggawa ne cikin awa 24. Ƙarancin kuɗi ba uzuri ba ne a nan. Ki kai rahoto a rubuce tare da hotuna ta hanyar da kowane mai haya yake bi, ki bayyana wa hukumar gudanarwarku cewa kina da ƙorafi na kanki don kada a ce kin yi amfani da matsayi, sannan idan matakai biyu na ƙorafin cikin gida suka ƙare ba biyan buƙata, ki wuce ga Ombudsman na Gidaje, wato ofishin mai zaman kansa da yake duba ƙorafin masu haya, wanda ba a biyan komai wajen kai masa ƙara.

Kafin ranar zaman, ki samu lauya mai zaman kansa wanda ba ya yi wa ƙungiyar aiki, domin lauyan ƙungiya ƙungiya yake karewa. Ki tafi masa da kundin tsarin ƙungiyar, da takardar naɗinki, da ƙa'idar ɗa'ar mambobi, da rahotannin zama na watanni shida da suka wuce, da yarjejeniyar hayarki, saboda amsar da zai ba ki a kan sanya hannu za ta fito ne daga ainihin abin da aka rubuta a cikinsu.